Tsohuwar iPhone ko sabuwa cikin kwali? Ka fara tambayar mai gyara

Ƙanina ne ya tara kuɗinshi na kabu-kabu ya zo min da hoton salula guda biyu, wai yaya wace zan saya, iPhone 11 okaziyon ko Samsung Galaxy A16 sabuwa fil cikin kwali. Na ce mishi kafin ka je wurin mai saidawa mu fara zuwa wurin mai gyara tukun, don shi mai saidawa rana ɗaya za ka ganshi, mai gyara kuwa ku ne tare har salular ta mutu.

Muka je bakin babbar kasuwa wurin wani da na saba da shi. Muka tarar ya ɗora wata salula bisa injin ɗumama yana jira gam ɗin ya saki, ga ƴan kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero ya jera su cikin marfin kwalba. Abin da ya fara ce mana shi ne kayan da suka fi kawo mutane wurinshi uku ne, ekran da batiri da bakin caji, in ka san kuɗin ukun nan to ka san kuɗin salularka.

Batiri dai nan tsohuwar ke faɗuwa. iPhone 11 tun 2019 ta fito, batirinta 3110 mAh ne (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) tun tana sabuwa, A16 da ta fito ƙarshen 2024 tana da 5000. Su Apple da kansu sun ce batirin irin waɗannan yana sauka wajen kashi 80 cikin ɗari bayan caji cikakke 500, kuma zafin da ya wuce digiri 35 na lalata shi, to ka tuna Maraɗi cikin watan Afrilu da Mayu da muke haura 40, ga ɗaukewar kuran, mutum na caji ko'ina ya samu da kowace irin caja. Duk wanda ya nuna maka iPhone 11 batiri 100 cikin ɗari to an canza shi ne, ka tambaya da wane iri aka canza. Kuɗin sabon batiri ka sa shi cikin lissafi tun ranar saye, kar ka yaudari kanka.

Amma a ekran lissafin ya juya, abin ya ba ni mamaki ni ma. Na iPhone 11 irin mai sauƙin kuɗi ne da ake kira LCD, kuma da yake an saida ta da yawa a duniya kayanta sun cika kasuwa, daga Kano ana shigo da su ta Jibiya da Ɗan Issa, kwafi kala-kala. A16 ekran ɗinta AMOLED ne, mai kyau a ido amma ranar da ya fashe za ka ji a jika, galibi sai a lallaɓa ka a sa maka LCD mai araha, hasken ya ragu cikin rana kana ta kare shi da hannu. Sai dai ita ma iPhone tana da nata hali, in aka sa mata ekran ko batirin da ba nata ba tana rubuto maka cewa ba ta gane kayan ba, kuma in mai gyara ya yi ganganci ya taɓa wayar Face ID, abin da ke buɗe salular da fuskarka, shikenan, wannan ba gyaran kowane teburi ba ne. In araha ta gyara kawai kake bi ma su Tecno Spark da Infinix sun fi su duka biyun sauƙi a nan, kowane lungu akwai kayansu.

Sai maganar tsawon rai. Samsung sun yi wa A16 alkawarin sabunta manhajarta shekara 6. iPhone 11 ta samu iOS 26, manhajar iPhone ta 2025, amma ita ce mafi tsufa cikin waɗanda suka samu, wato tana bakin ƙofa. WhatsApp ba zai tsaya mata gobe ba, a 2025 iOS 15.1 kawai yake nema, amma in ka raba kuɗin saye da shekarun da suka rage ma kowace za ka ga wadda ta fi tsada a shekara.

Ƙananan abubuwa da mutane ke mantawa, yawancin iPhone 11 sim ɗaya take ɗauka a jiki, mu kuwa nan wa ke yawo da layi ɗaya, in reso na Airtel ya tafi ka koma Moov ko Zamani. Cajarta Lightning ce, ba za ka ari ta maƙwabci mai USB-C ba. Kuma kar ka miƙa ko dala sai an cire iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita da ke iya kulle ta, a gabanka, ka sa simanka ka kira, in ba haka ba madubi ka saya.

Gaskiya a kamara da bidiyo tsohuwar har yanzu ta fi, tana ɗaukar 4K, mai saida atamfa ko lalle a TikTok yana da hujjar sayenta in yana da rarar kuɗin gyara a gefe. Shi ƙanina kuwa wuni yake cikin rana bisa babur, fasinja na kira, salula na faɗuwa daga aljihu, na ce mishi ɗauki sabuwar ka sa mata gilashin kariya da roba mai kauri tun a shagon. Ya yi shiru yana kallon hoton iPhone ɗin, ya ce yaya amma fa tana da aji. Mai gyara ko ɗago kai bai yi ba ya ce mishi ajin ma nan teburin za ka kawo shi.