Paranoid na Black Sabbath: abin da na ji bayan wata guda ina saurare

Sai da labarin mutuwar Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar kiɗan Birtaniya Black Sabbath, ya bazu ranar 22 ga Yulin 2025 na lura ban taɓa zama na saurari kundin Black Sabbath ko guda daga farko har ƙarshe ba. Sunan na sani, da wasu guntayen kiɗa da kan shigo kunne nan da can. Kwana 17 kafin rasuwarsa mutumin ya yi wasan bankwana a filin Villa Park na Birmingham, yana zaune a kujera saboda ciwo ya hana shi tsayuwa. Wannan ya taɓa ni. Na nemi faifan CD na Paranoid, kundinsu na biyu wanda ya fito a watan Satumban 1970, na saya, kuma wata guda ke nan kusan kullum sai na saka shi bayan na taso daga aiki.

Shawarar farko ga wanda zai gwada: kada ya saurara ta lasifikar waya. Na yi haka sau ɗaya, sai na ji kamar an zare wa kiɗan ƙashin baya. Rabin daɗin kundin yana cikin babbar jitar Geezer Butler mai kaurin murya, wadda ba ta tsayawa bayan jitar Tony Iommi kawai, takan zagaye ta, ta cike inda ta bari. Ƙaramar lasifika ba ta ɗaukar wannan. A samu abin ji na kunne mai kyau ko rediyo mai manyan lasifiku.

Waƙoƙi takwas ne, kimanin minti 42. Ta farko, War Pigs, ita ta karya mini zaton da na zo da shi. Na ɗauka heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi, hayaniya ce da gudu da ihu. Sai ga kiɗa yana tafiya a hankali kamar rakumi da kaya, jiniyar gargaɗin harin jiragen yaƙi na kuka a bayansa. Can sai komai ya ɗauke. Jita ta buga sau biyu ta yi shiru, ba ka jin komai sai 'yar ƙarar farantan mai ganga Bill Ward tana ƙirga lokaci, sannan muryar Ozzy ta shigo ita kaɗai. A wannan shirun nauyin yake. Na maimaita wurin nan ya fi sau ashirin, har yanzu tsigar jikina na tashi idan jitar ta sake faɗowa. Ward kuma bai yi kama da masu gangar da suka zo daga baya suna bugu kamar inji ba. Da kiɗan jazz ya tashi, shi ya sa hannunsa ke lilo, yana jan lokaci yana sakinsa.

Da na karanta tarihinsu sai sautin ya ƙara yi mini ma'ana. Su huɗun 'yan unguwar Aston ne a Birmingham, 'ya'yan talakawa ma'aikata, sun tashi a garin masana'antu da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka bar wa kufai. Ozzy ya yi aiki a mahauta. Iommi ya yi a masana'antar faranta ƙarfe, kuma yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, don haka wannan hannun ne yake danna tsirkiya da shi. Ya fidda rai da kiɗa, har shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta kashe wa yatsu biyu amma bai daina ba. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsunsa huluna, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi don rage zafi. A wurinmu mahauta na da kalangunsu, maƙera na da dundufarsu. Wannan ƙungiya ta haɗa mahauci da ɗan maƙera, sai dai su suka ƙera wa kansu kiɗan sana'arsu. Abin da Iommi ya fi iyawa shi ne abin da za mu kira take: gajeren salo da ake maimaitawa har ya zauna a ƙirji. Taken waƙar Iron Man ko yaro zai iya rerawa bayan ji ɗaya, kuma da wuya ya manta.

Ba su suka fara ƙara sauti ba. Tun 1964 Dave Davies na The Kinks ya tsaga lasifikarsa da reza don ya samu sauti mai kaushi. Ƙungiyar Cream da Jimi Hendrix sun ɗauki kiɗan blues na baƙaƙen Amurka sun ɗaga muryarsa, kalmar heavy metal ɗin ma ta fito cikin wata waƙar Steppenwolf ta 1968, inda take nufin rugugin babura. Led Zeppelin sun fito a 1969, Deep Purple suka saki In Rock a tsakiyar 1970. Su kansu Black Sabbath blues suke yi da farko, lokacin sunansu Earth, kuma dogayen darare da suka yi suna kiɗa a gidan rawa na Star-Club a Hamburg ne suka haɗa hannunsu. Abin da suka ƙaro, a nawa jin, tsoro ne. Sauran suna waƙar mata da nishaɗi, su kuwa suka ɗauki sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963, suka ce tunda mutane na biyan kuɗi a firgita su a silima, za su biya a firgita su da kiɗa. Kundinsu na farko, da aka ɗauka cikin yini guda aka sake shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, shi ne harsashin, amma ƙafarsa ɗaya na cikin blues, har da waƙoƙin wasu da suka maimaita. A Paranoid ne ginin ya tsaya da kansa.

Akwai maganar da dole in taɓa, domin ni ma ta sa na daɗe ina gudunsu: zancen cewa suna bautar Shaiɗan. Na zauna na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Butler, wanda ya rubuta yawancinsu, a gidan Katolika ya tashi. War Pigs tsinuwa ce ga 'yan siyasa da janar-janar da ke hura wutar yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, a lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci. An ambaci Shaiɗan a ƙarshenta, a matsayin mai jiran azzalumai ranar hisabi suna rarrafe suna neman gafara. Electric Funeral kan halakar makamin nukiliya ce. Hand of Doom kan sojojin da suka dawo daga yaƙi suka faɗa allurar ƙwaya har ta kashe su, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi, musamman yadda take farawa can ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. Abin takaici, masu gargaɗin ba su tsira ba. Giya da ƙwaya sun ci su sosai, har aka kori Ozzy daga ƙungiyar a 1979. Ba zan ce wa kowa wannan kiɗan ya dace da shi ba, kowa ya san inda zuciyarsa ta natsu. Abin da na ji dai fushi ne da fargaba na matasa 'yan shekara 21 zuwa 22.

Waƙar da kundin ya ci sunanta a ƙurarren lokaci aka rubuta ta don cike gurbi, ba ta kai minti uku ba, amma ta hau mataki na 4 a jerin waƙoƙin Birtaniya, kundin kuma ya hau na 1. Tana da daɗi, sai dai ba ita ce zuciyar faifan ba. Planet Caravan da ke biye da ita ta fi burge ni: ganguna na hannu, jita mai taushi, muryar Ozzy an bi da ita ta lasifika mai juyawa har ta zama kamar daga ƙarƙashin ruwa. Tom Allom, injiniyan sauti, shi ya buga fiyano a ƙarshenta, kuma shi ne bayan shekara goma ya shirya wa Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, kundin British Steel.

Inda ban gamsu ba: Rat Salad nunin bajintar ganga ce da ta fi dacewa da dandali, a faifai nakan tsallake ta. A Iron Man da Electric Funeral muryar Ozzy na bin jita sawu da ƙafa maimakon ta ɗauki tata hanyar, kuma bayan saurare da yawa hakan na gundura. Ƙarshen War Pigs da aka ƙara wa tef gudu yana ɓata mini natsuwar da minti bakwai suka gina. Hoton bango ma bai dace ba: wani mutum da takobi da garkuwa cikin duhu, an yi shi ne lokacin da ake shirin kiran kundin War Pigs, aka sauya suna aka bar hoton. Wanda ya saba da kaurin sautin ƙungiyar Metallica da ta zo daga baya zai ji wannan a bushe, domin cikin 'yan kwanaki aka ɗauke shi a watan Yunin 1970, kuma Iommi bai fara sassauta tsirkiya sosai ba sai a Master of Reality na 1971.

Kuɗina bai tafi a banza ba. Takwas cikin goma na ba shi, biyun da na riƙe na Rat Salad ne da waccan muryar mai bin jita. Na riga na sa a nemo mini Master of Reality, ina so in ji yadda yatsun roban nan suka yi da tsirkiya ta sauka ƙasa.