Sharhi kan kifayen katako na farauta da mashi a ƙanƙara

Na gwada kifayen katako guda uku da ake zurawa ta ramin ƙanƙara domin jawo kifin paik, wani dogon kifi mai cin ƙananan kifaye, kusa da mashi, a wani tafki da samansa ya daskare a jihar Minesota ta Amurka. Mai ja da fari, wanda masunta suka daɗe suna dogaro da shi, ya fi sauran aiki, domin daga cikin bukka mai duhu da ake kafawa a kan ramin ana hango shi sarai yana kewayawa idan an ɗan fizgi zare. Mai ruwan lemo ya yi rana lokacin da ruwa ya gurɓace. Mai launin azurfa kuwa, duk da kyansa a hannu, dalmar cikinsa ta yi yawa har yana nitsewa da ka.