Sharhi: soket mai rigar roba da sifanar awo, bayan na gwada su a notocin tayar motata

Kaya biyu na saya tare a Ƙofar Ruwa, nan Kano, kuma tun lokacin ba su bar but ɗin Corolla ɗina ba. Na farko saitin soket ne, wato kan sifana da ake ɗorawa a noti, guda uku masu rigar roba, lamba 17 da 19 da 21. Na biyu sifanar awo ce, irin wadda ke yin "ƙas" idan noti ya kai iyakar ɗaurin da aka saita mata. Na yi damina da su, na yi hunturu da su, an kwance tayoyin an mayar a gabana sau da dama. Soket ɗin ya yi aikinsa, amma sifanar awon ce ta fi fanshe kuɗinta.

Abin da ya kai ni sayensu kowa mai rim ɗin alminiyom ya san shi. Kusurwoyin notocin sun fara murɗewa, farin da ke jikinsu yana ɓarewa, tsatsa na shiga, bakin kowane rami na rim ɗin kuma duk zane ne. Sai wata rana wajen wani mai faci bolti ɗaya ya gutsure, noti ya fito da rabinsa a ciki. Ba ƙarfin kwancewar ne ya karya shi ba, ɗaurin da aka sha yi masa a baya ne ya cinye shi.

Soket ɗin dogo ne, bangonsa siriri, an rubuta Cr-Mo a jikinsa, wato irin ƙarfen da ke jure bugun injin kwance noti. Kowace lamba da launinta, shuɗi 17, ruwan ɗorawa 19, ja 21, don haka ko da magariba ba sai ka haska ba. Robar da ke wajensa ba a manne take ba. Idan ka zura shi cikin ramin rim ka fara juyawa, za ka ga robar ta tsaya cak a jikin ramin, ƙarfen ne kawai ke juyawa a cikinta. A can ƙasan cikinsa kuma akwai wata 'yar roba da ke tarar kan notin don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Tun da na fara amfani da shi ban ga sabon zane a rim ɗin ba.

Amma abin da ya fi burge ni ba robar ba ce, cikinsa ne: kusurwa shida gare shi, daidai da noti. Yawancin soket ɗin da ke yawo a hannun masu faci ko dai mai kusurwa goma sha biyu ne, ko kuma bakinsa ya buɗe saboda tsufa. Irin wannan a kan tsinin kusurwa yake kamawa, da an danna sai ya zame ya aske ta. Mai shida kuwa faɗin gefen notin yake runguma. Idan na ɗora lamba 21 a notin motata ba ya ko girgiza.

Yana da nasa aibin. Robar ta ƙara masa kauri, kuma na gwada shi a motar wani abokina mai rim ɗin kasuwa mai ƙananan ramuka, ya ƙi shiga sai da muka zare rigar, ka ga amfanin ya tafi ke nan. Lokacin hunturu ƙura da yashi kan shige tsakanin robar da ƙarfen, su kuma maƙale a wajenta, idan ba ka goge ba ita kanta sai ta zama abin gogar fenti. Ta lamba 21 ta fara saki, tana zamewa ta tsaya a cikin rami, sai na sa yatsa na zaro ta. Sannan babu mariƙi a cikin saitin, sai ka nemi doguwar sanda mai bakin rabin inci daban. Akwai kuma notocin da aka yi wa hular farin ƙarfe a sama, irin na wasu motocin Amurka. Idan tsatsa ta shiga ƙarƙashin hular sai su kumbura, lamba 19 ta ƙi hawa. Kada a buga wannan soket da guduma a kansu, bangonsa ba zai ɗauka ba. Canza notocin shi ne magani.

Sifanar awon tawa tana ɗaukar daga Nm 28 zuwa Nm 210, Nm kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ana murɗa mariƙinta har layin ya zo kan lambar da ake so, a kulle ƙasanta, a ja a hankali. Da ta ce "ƙas" sai a tsaya, ba a ƙarawa. Littafin Corolla ya ce Nm 103. Honda Accord da Civic da yawa 108 ne, da soket lamba 19. Golf daga ta huɗu zuwa ta bakwai, wadda bolti take amfani da shi maimakon noti, 120 ce da lamba 17. Kowa ya duba littafin motarsa, domin lambar ba ɗaya ba ce.

A nan ne na fahimci girman ɓarnar da muke yi wa tayoyinmu da sunan tsaro. Nm 103 ba wani ƙarfi ba ne mai yawa, da hannu biyu ba tare da nishi ba ake kai shi. To, a lissafa yaron mai faci mai nauyin kilo 70 da ya zura bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya a sifana ya hau ƙarshensa da ƙafa biyu. Wannan ya kusa Nm 690, ya haura ninki shida na abin da masu motar suka rubuta, tun ma bai yi tsalle a kai ba. Ko ba bututu, ya taka sifana mai tsawon santimita 30 kawai, ya ba ta wajen 200. Bolti kamar roba yake a ƙa'idarsa, yana ɗan miƙewa ya riƙe taya da wannan jan. Idan aka wuce da shi iyaka sai ya miƙe bai komo ba, ya sirance, zarensa ya lalace, mazaunin notin a jikin rim ya lotsa. Daga nan ba ya riƙe taya yadda ya kamata, ko da kuwa a hannu ana jinsa kam. Ga kuma wahalar da ke jiran mai motar: taya ta sace a hanyar Zariya da daddare, ka ɗauko safaya da 'yar sifanar da ta zo da mota, noti ya ce bai san zancen ba. Ina tuna matan da ke tuƙi su kaɗai da dattawa duk sanda na ga ana hawa bututun nan.

Ranar farko da na miƙa wa dattijon da ke mini faci sifanar, ya ja ta yi ƙara, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai bai ɗauru ba. Kada taya ta fice maka a hanya a ce ni ne." Na ce, "Baba, haka waɗanda suka ƙera ta suka ce a yi. In ta yi tafiya zan dawo mu sake aunawa a gabanka." Tsoronsa gaskiya ne, ya ga tayar da ta fice da idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙa'idar dama ita ce a sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, musamman a rim ɗin alminiyom. Da na koma, noti ɗaya ne ya ɗan motsa kafin ƙarar, sauran suna nan yadda muka bar su. Yanzu shi da kansa yake cewa yaronsa ya ɗauko "ta Alhaji" a but.

Sifanar ba ta aiki ita kaɗai. Awon da ke cikin littafi na busasshen zare ne, don haka al'adar nan ta ɗiga baƙin mai ko shafa giris a bolti tana ruɗa ta: zaren ya yi santsi, noti ya wuce inda ya kamata kafin ta yi ƙara. Burushin ƙarfe nake sawa a goge tsatsa da ƙasa, shi ke nan. Kowane noti da yatsu ake fara ɗaura shi, ya yi zagaye uku ko huɗu lafiya kafin sifana ta taɓa shi, in ya cije tun farko to ya hau a karkace, a dawo da shi. Ɗaurin kuma tsallake-tsallake ake yi, wannan sannan na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ba a bin su a jere. Na ƙarshe da sifanar awo sai an sauke jak taya ta taɓa ƙasa. Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne gindin notin. Na rim ɗin alminiyom na asali na Toyota mai washa ne, wato shimfiɗaɗɗen zoben ƙarfe, na Honda gindinsa a zagaye yake, na yawancin rim ɗin kasuwa kuma mai tsini ne. Zaren yawancin motocin Toyota da na Honda ɗaya ne, shi ya sa ake cusa na wannan a waccan ya hau, amma ba ya zama daidai, kuma babu awon da zai gyara hakan.

Na so in tabbatar ba ƙarya take yi ba, sai na gwada ta a gida. Na ɗora ta a ɗaurarren noti, mariƙin a kwance, na rataya jarkar ruwa mai lita 20 a tsakiyar mariƙin, wajen santimita 40 daga soket. Lissafi ya ba da kusan Nm 80. Da na saita ta a 75 ta yi ƙara, a 90 kuwa ta yi shiru. Wannan ya ishe ni ga aikin taya.

Abubuwan da ba na so a jikinta: lambobin an zana su ne a farin ƙarfe, ba sa karantuwa sai da haske sosai, kuma ma'auni biyu ne a gefe biyu, mai gaggawa zai iya karanta wanda ba shi ba. Makullin ƙasanta yakan saki idan ana aiki, sai ana dubawa. Tana son lallaɓawa: ba a kwance noti da ita, ba a jefar da ita ƙasa, in an gama a mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta kafin a sa ta a akwatinta, don kada sifirin ɗin cikinta ya gaji. Saboda haka ba na barin ta a hannun yara in juya baya.

Mai rim ɗin baƙin ƙarfe ba ya bukatar rigar roba, soket mai kusurwa shida na kirki ya wadatar masa. Mai mota ɗaya kuma da zai samu soket mai lambar notin motarsa shi kaɗai, gara ya saye shi ya bar saitin, domin ni ma 17 da 19 ɗina sai in wani ya ara suke fita daga akwati. Kuɗin da ya rage a zuba shi a sifanar awo mai bakin rabin inci, a kuma tabbatar lambar da littafin motar ya ba da ta faɗo wajen tsakiyar ma'auninta, domin a can ƙarshe-ƙarshen ma'aunin ne irin waɗannan sifanu suka fi kuskure.