Ranar da tariyer ta kayar da Ba'adare a Anje

Ƴan uwa na Tawa, ina gaisuwa. Ya sanyi, ya aikin garake? Kuna ta tambaya wane aiki nake yi a Faransa, to ga shi: haƙar rami. Abin da na baro gida shi na tarar, sai dai a nan ya ba ni kunya.

Ina aiki da wani mai gyaran lambunan gidaje a gefen Anje, garin da ya yi suna wajen renon itatuwa. Su dashensu a ƙarshen Nuwamba ne, lokacin da ganye ya zube, icce ya yi barci. Har magana gare su, wai icen da aka dasa ranar 25 ga watan ba ya ƙin kamawa. A satina na biyu muka je wani gida da za a yi wa darni da itatuwa, rami 120. Uban gidana ya ce in dakata a sauke kaya. Ni ɗan Adar, wanda uwarsa ta fasa duwatsun Keita da diga a aikin nan da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984, ana biyanta da hatsi da mai, ni za a ce wa in dakata? Na zari diga da felu, na tofa yawu a tafin hannu, na ce yau za su san sun ɗauki ma'aikaci.

Ina rami na biyar, gumi ya jiƙa ni duk da sanyin, sai na ji ƙara kamar an tada kabu-kabu. Wata yarinya ce mai koyon aiki, wadda ba ta kai autarmu shekaru ba, riƙe da inji hannu biyu. A gindinsa akwai dogon ƙarfe murɗaɗɗe kamar igiyar da aka tufka. Ta kafa shi, ta matsa, ƙasa ta dinga hawowa da kanta tana zubewa a gefe kamar gari daga injin niƙa. Kafin a gama gaisuwar safe rami ya fito, faɗin santimita 20, zurfin kusan rabin mita. Ban gama na bakwai ba ta kai ƙarshen layinta, ta dawo ta ce ko zan matsa ta ƙarasa mini. Da ma da raini ta faɗa, da na samu abin riƙewa. Cikin ladabi ta faɗa.

Tariyer suke ce wa injin. Bayan cin abinci na ce lallai a ba ni. Yarinyar ta yi mini bayani: in buɗe ƙafafu, kada in danna da ƙarfi, in dinga ɗagowa ina zubar da ƙasa, in na ji ta cije in saki mai nan take. Kai kawai nake gyaɗawa, raina na cewa yaushe aka haife ki. Rami uku lafiya lau. A na huɗu ƙarfen ya cafki saiwar wani tsohon icce ya tsaya cak, injin kuwa bai tsaya ba, sai ya juya da ni. Ban san lokacin da na zauna daɓas cikin laka ba, hula can, ni nan. Kwana uku alwala ma da ƙyar nake yi saboda wuyan hannu.

Yanzu mun saba da tariyer, na kuma san halinta. A jiƙaƙƙiyar laka tana goge bangon ramin sumul kamar cikin tukunyar da maginiya ta lailaye, saiwa ta kasa hudawa, ta yi ta kewaye a ciki har icen ya tsumbure. Sai an bi an karce bangon kafin a dasa. Ba a kafa ta kuma sai an tambayi mai gida inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi. Bakunanta iri-iri ne, akwai na kafa dirkar shinge, akwai na huda ramuka kewaye da icce a cusa taki ya isa saiwa, akwai siriri na ɗebo ƙasa a kai awo. Akwai ma ɗan ƙarami da ake ɗaura wa injin huda katako mai batir, da shi suke shuka wata albasa tasu ta furanni, tulip, wadda ba a ci. Mutanen Galmi ku ji: albasa ɗari biyu a ƙofar gida, ba ta miya ko ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, injin ba na uban gidana ba ne. Haya ake ɗaukowa. Kanti ne guda, tun daga tsani har katafila, ka ɗauka yini ɗaya ka mayar. Wata Asabar na je da kaina don aikin wata tsohuwa maƙwabciyata. Aka fito da tariyer a wanke, cike da esansi da aka riga aka gauraya da baƙin mai, mai kantin ya tada ta gabana don in shaida lafiyarta ƙalau. Na tuna sungumin Baba da aka ara shekarar da zan taho, ya dawo ba ƙota, wanda ya ara kuma har yau shi ke fushi don an tambaya.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Sai da katin shaida, sai da katin banki na jingina. Na zaro kuɗi a hannu, mutumin ya dube su kamar na miƙa masa ganye. Da maraice na makara minti 40, aka ƙara mini kuɗi. Na yi "don Allah", na yi "yini ɗaya ne", ya nuna mini kwamfuta ya ce ba shi ba ne, ita ce. Ciniki babu, sanayya babu. Kuma ramukan nan ni kaɗai na haƙa su, kunnuwa toshe, ba wanda ya ce sannu da aiki. Da a gida ne gayya za a kira, a yi ta ba'a, rana na take a ga ƙwaryar fura ta taho.

Da na ba Baba labari a waya, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Kai yaro, wannan ai ita masu foraj ke murɗawa a Tarka da Majiya tun kana goye." Na ce, "Haka ne, Baba." Gaskiyarsa. Masu garake sun daɗe suna huda rijiyar bututu da tariyer ta hannu, ƙirar masu walda na gida, tana nitsawa mita da yawa har ta tarar da ruwa. To wanda ya ƙera mai neman ruwa, me ya hana shi ƙera gajera ta dashe? Ba inji, ba esansi, ƙarfe ne da mariƙi a gicciye. Amma duk 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, haka za a fito da manyan riguna, a tona ɗan ramin da kaza ma za ta iya, a dasa, a ɗauki hoto, a bar wa awaki.

Ban ce ta dace da ko'ina ba. Tsaunukan Adar sai diga, busasshiyar jigawa kuma kana ɗagowa ramin na rushewa. Fako mai tsauri da ake yi wa tassa, rami dubu goma ko fiye a hekta, shi ma zai ba ta wuya. Amma fadama, da garake, da layukan dogon yaro irin na Majiya da aka fara tun 1975, da dirkokin shinge, nan kam aikinta ne.

Na sayi ta hannu guda, mai bakin santimita 15. Na kwance mariƙin don ta shiga jakar wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai wata mai zuwa. Na ce wa ƙanena ya kai wa maƙeri ya auna, ya buga irinta biyu, a riƙe ta asalin a ɗakin Inna. In wani ya zo aro, a ba shi cikin biyun.