Juya hoton manhajar Qt a Raspberry Pi: a cikin manhaja ko a Weston?

Ɗan'uwa, ka ce kana da manhajar Qt (kayan aikin gina fuskar manhaja) a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da allon taɓawa na inci 7, mai 800x480, kana so ka kafa shi a tsaye, ka sa display_rotate=1 a config.txt amma hoto bai motsa ba. Wannan layin na tsohon direba ne. Muddin sabon direban hoto, vc4-kms-v3d, ke aiki, ba a kula shi. Ga hanya biyu da za ka iya bi.

Ta farko, manhajar ta juya kanta, idan tana zana kai tsaye da eglfs, wato tsarin Qt na zana hoto a allo ba tare da mai sarrafa tagogi ba. Wanda ya gina fuskar manhajarsa da QWidget sai ya sa QT_QPA_EGLFS_ROTATION=90, hoto ya juya, amma taɓawa sai an juya ta daban. Sai dai wannan ba ya taɓa QML (harshen tsara fuska na Qt) ko wani abu na OpenGL, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata yini guda. A QML sai ka ɗauki Item na tushe, ka ba shi faɗi 480 da tsawo 800, ka tsayar da shi a tsakiya da anchors.centerIn, sannan rotation: 90. Taɓawa za ta bi shi da kanta. Inda ake tuntuɓe shi ne Popup da Dialog: suna zaune a Overlay na taga, ba a ƙarƙashin wannan Item ba, don haka za su fito a kwance sai ka juya su su ma. Allon maɓallan rubutu na Qt da ke fitowa a kan allo ma haka yake in ka aje shi a wajen wannan Item.

Ta biyu, Weston, wato mai sarrafa tagogi da ke tsakanin manhaja da allo. A weston.ini, ƙarƙashin [output], ka rubuta name=DSI-1 (sunan mahaɗin allon) da transform=rotate-90. Manhajar za ta ga allo mai 480x800 kawai, ba ka gyara layi ko ɗaya a cikinta ba, Popup ma ya daidaita. Kuɗinsa ƙarin RAM da ɗan jinkiri wajen kunnawa.

Ni dai in QML ce mai tagogi da yawa, Weston nake ba da shawara. In kuwa na'ura ce mai fuska ɗaya da ake so ta tashi da sauri, eglfs.

Duk wadda ka zaɓa, a wuri ɗaya ake juya taɓawa. In ka bar layin juya taɓawa, LIBINPUT_CALIBRATION_MATRIX="0 -1 1 1 0 0", a dokar udev (saitin na'urori na Linux) alhali QML ko Weston sun riga sun juya, ka juya sau biyu ke nan, yatsanka na nan maɓalli na amsawa can. Cire shi, ka sake kunna na'urar, ka gwada kusurwoyi huɗu.