Neman Kabarin Saje John Basilone da Manhajar ANC Explorer

Maƙabartar sojoji ta Arlington, wadda ke jihar Virginia a tsallaken kogin Potomac daga birnin Washington, tana ɗauke da kaburbura fiye da 400,000, kuma yawancin duwatsun da ke kansu farare ne masu kama ɗaya, don haka wanda ya je neman mutum guda ba tare da jagora ba yana iya wuni yana kewaye. Abin da ya sa na sauke manhajar ANC Explorer ke nan, wadda hukumar maƙabartar ta samar kyauta.

Saje John Basilone na je nema. Da na rubuta sunansa, manhajar ta nuna mini Sashe na 12, kabari mai lamba 384, da hoton dutsen gaba da baya, sannan ta zana hanyar da zan bi daga ƙofar shiga. Har na isa ban tambayi kowa ba.

Rubutun dutsen bai wuce layuka kaɗan ba, shi ya sa nake ganin ya kamata mai ziyara ya san tarihin mutumin tun daga gida. An haife shi a 1916, ya yi aikin soja a Filifin, sannan ya shiga rundunar kundunbala ta Marine a 1940. A watan Oktoban 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsibirin Guadalcanal da ke tekun Pasifik, ya riƙe bakin daga da manyan bindigogi har mutum biyu kacal suka rage masa masu iya faɗa, ya kuma ratsa ta cikin sojojin Japan ya ɗebo harsasai, lamarin da ya sa aka ba shi Medal of Honor, lambar yabon soja mafi girma a Amurka. An mayar da shi gida yana zagaya garuruwa domin tara kuɗin yaƙi, amma ya nace sai an mayar da shi fagen fama, kuma wannan ne ya fi taɓa mini zuciya. An kashe shi a tsibirin Iwo Jima na Japan ranar 19 ga Fabrairun 1945, ranar farko ta yaƙin da aka gwabza a tsibirin, yana da shekara 28, aka kuma dawo da gawarsa Arlington a 1948.

Manhajar ta yi aikinta yadda ya kamata, kuma ina ba duk mai niyyar zuwa shawarar ya sauke ta. Sai dai wurin yana da faɗi da tuddai, saboda haka a cika cajin waya, a sa takalmin da zai jure tafiya.