Injin oksijin na gida mai lita biyar, yadda muka same shi a Tudun Wada

Injin da muka saya wa Inna ƙirar Sin ne, mai ba da oksijin har lita biyar a minti, daga wani shagon kayan asibiti a Sabon Garin Zariya. Likitanta na asibitin Shika ya ce hayaƙin murhu na shekara da shekaru ya yi wa huhunta illa, sai an riƙa sa mata oksijin a gida, lita biyu a minti, musamman da dare. Da can silinda muke kaiwa a cika, kuɗin ciko da na keke suka fara gagarar mu.

Masu zuwa dubiya kan tambaya ina ake zuba masa gas. Ba a zuba masa komai, iskar ɗakin yake zuƙa. Ita iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, oksijin kashi 21 kawai. A cikin injin akwai kwampireso mai matsa iska da wasu tulu biyu cike da ƙwayoyin ma'adinin ziyolayit. In aka matsa iska cikin ɗaya, sai ƙwayoyin su riƙe naitirojin, oksijin ya wuce zuwa tiyo. Kafin tulun ya ƙoshi injin ya koma kan ɗayan, na farkon ya furzar da abin da ya riƙe. Wannan furzarwar ce ake ji "fuu" bayan 'yan daƙiƙu. Abin da ke fita yakan kai kashi 90 zuwa 95. Manyan masana'antu sanyaya iska suke yi har ta zama ruwa, sannan su raba ta, tunda oksijin na tafasa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin a 196. Nasu ya haura kashi 99, amma likita ya ce na injin ya wadatar da Inna.

Kuma ya wadatar. Ɗan abin awon oksijin na jini da muke maƙala mata a yatsa yakan nuna 86 in ta dawo daga alwala tana haki. A sa mata tiyo, kafin ta gama lazimi ya hau 93, leɓenta ya dawo daidai. Ƙararsa ba ta hana ta barci, sai dai yana fitar da zafi, a bazara dole a janye shi daga bango a buɗe taga.

Matsalar ita ce wuta. Yana cin kimanin wat 350, ƙaramin janareta na ɗaukarsa, amma ba ya ajiye ko numfashi ɗaya. Ana ɗauke wuta ya tsaya, ya hau kuka. Tsakanin tsayawarsa da tayar da janareta da tsakar dare silinda ce ke riƙe Inna, don haka har yau muna da ɗaya cikakkiya a bayan ƙofa. Wanda ya ce maka injin zai raba ka da silinda a garin nan bai yi jinya ba. In wuta ta zo da rauni kuma kwampireson kan yi gurnani, sai da muka haɗa masa sitabilaiza.

Sai ƙurar hunturu. A bayansa akwai wani soso mai tace iska. Na ciro shi na ga ya koma ja, da na matse shi a roba ruwan ya zama kamar kunun kanwa. Takardarsa ta ce a wanke mako-mako, amma a hunturun Zariya hakan bai isa ba. In ya toshe, fitilar rawaya ta kama, alamar oksijin ya ragu. A nan nake ganin laifin shagon. Yaronsu ya zo har gida ya haɗa mana, Allah ya saka masa, amma ba su da soson canji, ba su da abin auna ingancin iskar, kuma ba wanda ya ja mana kunne kan haɗarin gobara.

Wata nas maƙwabciyarmu ce ta shigo ta tarar da kaskon turaren wuta kusa da gadon, ta ce, "Yaya, fitar da kaskon nan yanzu, oksijin na hura wuta." Ta hana shafa wa Inna basilin a hanci. Rabuwa da turaren ya yi wa Inna ciwo, yanzu a tsakar gida ake turara mata zannuwanta.

Zan sake sayen irinsa, amma a shagon da zai kunna shi a gabana ya auna, ya haɗa mini da soso da kwalbar ruwan da ke sa wa oksijin danshi na canji, ya kuma nuna mini mai gyara a nan Zariya ko Kaduna, domin ziyolayit ɗin ma na gajiya in danshi ya shige shi.